Tambaya da Amsa: Wanke Laftof da Ɗora Mata Windows Babu Tarkace

Wasiƙu da dama a wannan fitowar sun haɗu a kan abu guda, wato yi wa laftof fomat a ɗora mata Windows tsantsa, ba tare da manhajojin da ake cusa wa mutum ba da saninsa ba. Mun zaɓo shida.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Bayero. Yayana ya saya min sabuwar laftof dal a kwali, RAM ɗinta 8GB, amma na same ta shaƙe da manhajojin da ban san amfaninsu ba. Akwai wata ta riga-kafi da kullum sai ta leƙo ta ce in biya kuɗi, ga wasanni, ga talla. Abokina ya ce in kai ta Farm Centre a yi mata fomat. Zan iya yi da kaina? Kuma ba zan rasa lasisina ba? *Ɗalibi, Kabuga*

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Za ka iya, kuma lasisinka ba inda zai je. Tun daga Windows 8, a 2012, masu ƙera laftof suka daina manna takardar lambar lasisi a bayan na'ura, suka koma dasa lambar a cikin BIOS, wato 'yar manhajar da ke cikin allon na'ura wadda take fara tashi kafin Windows. In ka sake ɗora Windows, ita da kanta za ta karanto lambar, ta zaɓi irin wadda aka saya maka, Home ko Pro, kana hawa intanet ta tabbatar da kanta. Duk da haka, kafin ka taɓa komai, shiga Settings, System, Activation, ka ɗauki hoton abin da ke wurin da wayarka.

Tarkacen da ka gani ba kuskure aka yi ba, ciniki ne. Masu riga-kafi da masu wasanni suna biyan kamfanin laftof a saka kayansu, suna jiran kwana 30 na gwaji ya ƙare ka zaro katin banki. Yawancinsu takura ce kawai da cin RAM. Amma an taɓa wuce gona da iri: a Fabrairun 2015 aka bankaɗo cewa Lenovo ta sayar da wasu laftof ɗauke da manhajar talla mai suna Superfish, wadda take shiga tsakanin mai kwamfuta da shafukan da ya kamata a ce a killace suke, har da na banki. Maganar sai da ta kai gaban FTC, hukumar kare masu saye ta Amurka, aka sasanta a 2017.

Sai dai ba kowane ƙurji ne ke buƙatar sakiya ba. Fara da Settings, Apps, Installed apps, ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana cirewa. Kana cire riga-kafin gwajin, Microsoft Defender da ke cikin Windows zai farka ya karɓi gadi, kuma ya wadatar da ɗalibi. Sannan ka danna Ctrl, Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ka je Startup apps ka kashe duk abin da ba ka buƙatar ya tashi tare da kwamfutar. Ga sabuwar na'ura, sau da yawa wannan ya isa.

In kuma ranka bai kwanta ba sai an share komai, to ka sani mafi yawan aikin kafin a taɓa maɓallin Install yake.

Ka nemi filash biyu. Na farko na Windows ne. Microsoft ta ce 8GB ya isa, mu dai 16GB muke ba da shawara, domin fayil ɗin Windows 11 ya haura 5GB kuma kowace sabuwar fitowa ƙara ƙiba take yi. Duk abin da ke cikin wannan filash ɗin zai goge. Na biyu, ko faifan waje, na kayanka ne: Desktop, Documents, Downloads, Pictures. Downloads ne aka fi mantawa, alhali nan takardar shaidar biyan kuɗin makaranta da littattafan darasi suke zaune. Kalmomin sirrin da Chrome ya riƙe maka ka tabbatar sun hau asusunka na Google.

Abu na gaba, wanda ko a shaguna ba kowa ke yi ba, shi ne kwashe direbobin na'urar, wato ƙananan manhajojin da ke sa Windows ta iya aiki da sassanta, kafin a goge su. Buɗe folda a filash na biyu ka sa mata suna Direbobi, ka buɗe Command Prompt da Run as administrator, ka rubuta:

pnputil /export-driver * E:\Direbobi

Ka sauya E da harafin filash ɗinka. Cikin 'yan mintuna direban Wi-Fi, na sauti, na faifai, duk sun kwafu, kuma babu manhajar talla a cikinsu.

Windows ɗin kanta kada ka ɗauko ta ko'ina sai shafin Microsoft. Hanya mafi sauƙi ita ce Media Creation Tool, wadda za ta sauke ta haɗa filash ɗin da kanta. Hanya ta biyu, ka sauke fayil ɗin ISO, wato Windows ɗin a dunƙule cikin fayil guda, ka haɗa filash ɗin da Rufus, 'yar ƙaramar manhaja ta kyauta. Mun fi son ta biyu a yanayin netwok ɗinmu, saboda fayil ɗin yana nan a hannunka ko gobe ka sake buƙata. Rufus kuma zai tambaye ka ko kana so ya cire tilascin shiga da asusun Microsoft, da tattara bayananka, da kulle faifai da BitLocker kai tsaye. Ka ware data kamar 12GB, har da sabuntawar da za ta biyo baya. Mahaɗin saukewar awa 24 kawai yake aiki. In da waya za ka sauke cikin dare, ka ajiye a cikin wayar, domin katin memori mai tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil guda da ya wuce 4GB. Kuma jefa ISO cikin filash kamar yadda ake tura waƙa ba zai sa kwamfuta ta tashi da shi ba, dole sai an haɗa.

Cika batir, jona caja, soka filash, kunna. Da allo ya kawo haske ka shiga danna maɓallin zaɓen tashi: F9 a HP, F12 a Dell da Lenovo da Acer, Esc a Asus. A wasu Acer sai ka fara shiga BIOS da F2 ka kunna F12 ɗin. Zaɓi filash ɗinka, wanda aka rubuta UEFI a gabansa in ya fito sau biyu. In ta nemi lambar lasisi, danna I don't have a product key.

Wurin da ake kuka shi ne allon ɓangarorin faifai. Za ka ga Drive 0 a yanke gida huɗu ko biyar: System, MSR mai 16MB, babban Primary, sai Recovery ɗaya ko biyu. A cikin waɗannan ƙananan ne wasu kamfanoni ke ajiye kayansu. Ka goge duk na Drive 0 har ya koma layi ɗaya mai suna Unallocated Space, ka zaɓe shi, ka danna Next. Windows za ta yanka abin da take buƙata da kanta. Dubi girman kowane faifai da kyau kada ka goge filash ɗin, kuma faifan da ka kwashe kayanka a ciki ya kasance a aljihunka, ba a jikin kwamfutar ba. In ta kashe kanta ta kunna karo na farko, zare filash, in ba haka ba wasu na'urorin sai su maido ka farkon aiki. A kan SSD, wato faifan zamani mai sauri, rabin awa ya isa.

Kana shiga, ka bar Windows Update ta yi ta aiki har sai ta ce babu saura, ka leƙa Optional updates ma. Buɗe Device Manager, duk inda ka ga alamar motsin rai mai ruwan ɗorawa, danna dama, Update driver, Browse my computer, ka nuna masa foldar Direbobi.

Abu biyu za mu ƙara. Ba duk kayan kamfani ne shara ba. Lenovo Vantage da MyASUS suna da wurin hana batir cika ɗari bisa ɗari, kuma ga laftof da ke wuni a jone da caja cikin zafin Kano, wannan yana ƙara wa batir kwana sosai. Haka direban maɓallan Fn na ƙara haske da sauti. Na biyu, Windows tsantsar ma tana zuwa da nata 'yan rakiyar, su Solitaire da Clipchamp da Xbox. Danna dama a kansu a Start ka zaɓi Uninstall. Amma ka guji waɗancan umarnin da ake kwafowa daga bidiyo wai suna share tarkace gaba ɗaya a dannawa guda. Wasunsu har Microsoft Store da Windows Update suke lalatawa, sai bayan wata biyu ka gane.

Tambaya: Na yi amfani da Reset this PC, na zaɓi a goge komai. Ta ɗauki awa uku, tana gamawa sai ga manhajojin nan duk sun dawo. Ina na yi kuskure? *Malamar makaranta, Gyaɗi-Gyaɗi*

Amsa: Malama, ba ki yi kuskure ba, haka aka gina shi. Aikin Reset shi ne mayar da na'ura yadda ta fito daga masana'anta, kuma kamfanin ya ajiye kunshin kayansa a wata ɓoyayyar folda mai suna Recovery. Ko Cloud download kika zaɓa, kunshin nan na iya dawowa. Akwai ƙofa guda: ki zaɓi Keep my files, ki danna Change settings, in kin ga tambayar Restore preinstalled apps ki mayar da ita No. Wannan ne ya maye gurbin abin da a da ake kira Fresh Start, tun daga fitowar Windows 10 ta Mayun 2020. In ba ki ga tambayar ba, sai hanyar filash da muka bayyana a sama.

Akwai kuma mai naci da ke dawowa ko bayan filash, domin Windows ta bar wa kamfanoni damar ajiye 'yar manhaja a cikin BIOS da za ta ɗora kanta a kowane tashi. Lenovo ta yi haka a 2015 da Lenovo Service Engine, daga baya ta fitar da gyaran BIOS ta cire. A allunan Asus da yawa akwai wurin kashe saukar manhajarsu Armoury Crate a cikin BIOS. Maganin irin wannan a BIOS yake, fomat ko sau goma ba ya taɓa shi.

Tambaya: Na sayi laftof ta hannu, irin ta Beljiyam, EliteBook 840 G3, an cika min ita da manhajoji a shago. Bayan wata shida sai rubutun Activate Windows ya fito a ƙasan allo, kuma Defender ya ƙi kunnuwa. In na wanke ta zan iya sa Windows 11? *Ɗan kasuwa, Fagge*

Amsa: Alhaji, taka ce ta fi buƙatar wanki a duk wasiƙun nan. A garin nan, abin da ake loda wa laftof bayan ta sauka ya fi na kamfani haɗari. Wata shidan da ka ambata shi ya tona asiri: lasisin KMS, wanda aka yi domin manyan ma'aikatu, kwana 180 yake yi sai an sabunta. Masu fasa Windows da Office da shi suke amfani, da irin su KMSpico, kuma sai an kashe Defender kafin su zauna. Na'urar da aka kashe wa mai gadi aka saka mata abin da ba ka san wanda ya haɗa shi ba, kada ka shiga banki da ita.

Abin takaicin, sau da yawa fasawar ma ba ta da amfani, domin waɗannan na'urorin ofis suna zuwa da lasisin Pro na halal a cikin BIOS. Buɗe PowerShell ka rubuta:

(Get-CimInstance SoftwareLicensingService).OA3xOriginalProductKey

In lamba mai haruffa 25 ta fito, kana da lasisi, ɗora Windows ta asali kawai.

Batun Windows 11 kuwa, tana neman TPM 2.0, wato 'yar na'urar tsaro da ke cikin kwamfuta, RAM 4GB, wurin ajiya 64GB, da furosesa daga zuriya ta 8 ta Intel ko, a laftof mai AMD, Ryzen 3000 zuwa sama. Dubi lambar furosesarka: i5-6300U zuriya ta 6 ce, i5-8350U ta 8. G3 ɗinka ta 6 ce, ba ta cikin jerin. Windows 10 kuma Microsoft ta janye mata tallafi ranar 14 ga Oktoba 2025. Rufus yana iya tsallake binciken waɗannan sharuɗɗan, kuma Windows 11 tana tafiya a kan G3 mai SSD da RAM 8GB ba laifi, amma Microsoft ba ta yi alkawarin sabuntawa ga irin wannan na'ura ba, kuma babbar sabuntawar shekara sai ka ɗora ta da hannu. In aikinka bai wuce intanet, wasiƙa da lissafin kaya ba, Linux Mint da LibreOffice kyauta ne kuma sun fi mata sauƙi. In akwai manhajar lissafin da sai a Windows take aiki, bi hanyar Rufus.

Ga duk mai shirin sayen ta hannu, ko a Beirut Road ko a ina, akwai gwaji biyu kafin a ƙirga kuɗi. Shiga BIOS ka gani ko za ta nemi kalmar sirri. In ta nema kuma mai shago bai san ta ba, ajiye masa abarsa. Na biyu, wasu na'urorin har yanzu suna cikin rajistar ma'aikatar da ta yi amfani da su a Turai, ta tsarin Windows Autopilot. Ba za ka gane ba sai an wanke ta, an haɗa ta da intanet, sai ta kawo sunan wani kamfani tana neman imel ɗin ma'aikacinsa. Rajistar tana can wurin Microsoft ɗaure da na'urar, kuma ma'aikatar ce ke da ikon sakin ta. Ka sa a ɗora Windows a gabanka, a haɗa intanet a gabanka, ko ku yi yarjejeniyar maidowa.

Tambaya: Ina koyon gyara a wurin maigidana. An kawo wata sabuwar laftof, na kai wurin zaɓen faifai sai allon ya fito wayam, babu Drive ko ɗaya. Faifan ne ya mutu? *Mai koyon sana'a, Kurna*

Amsa: Ƙanena, da wuya. In furosesar Intel ce daga zuriya ta 11 zuwa sama, faifan yana bayan wani tsari mai suna VMD, kuma filash ɗin Windows ba kullum yake da direbansa ba. Sauke direban Intel Rapid Storage Technology daga shafin kamfanin laftof ɗin, ka warware shi cikin filash, a allon nan ka danna Load driver ka nuna masa foldar. Faifan zai bayyana nan take. Ko ka shiga BIOS ka kashe VMD in akwai wurin. Amma ka kiyaye: kashe shi a na'urar da Windows ke kai tana aiki zai jawo shuɗin allo mai INACCESSIBLE BOOT DEVICE, kuma in faifan a kulle yake za ta iya neman lambar BitLocker.

Tunda koyo kake, ga 'yan'uwan wannan matsalar. GPT da MBR su ne tsare-tsare biyu na yanka faifai. In Windows ta ce ba za ta hau faifan ba saboda GPT ne, ka tashi filash ɗin ta Legacy ne, koma ka zaɓi UEFI. In ta ce MBR ne, danna Shift da F10, rubuta diskpart, sai list disk, sai select disk 0, sai clean, sai convert gpt. Clean ba ya tambayar ko ka tabbata, saboda haka karanta girman faifan sau biyu kafin ka zaɓi lamba. In ta kai wurin intanet babu Wi-Fi ko ɗaya, jona wayar Android da kebul ka kunna USB tethering, za ta ɗauke ta kamar wayar netwok. In kuma kwafi ya tsaya a tsakiya da lamba irin 0x8007025D, fara zargin filash kafin RAM. Kasuwa cike take da filash na jabu da aka rubuta wa 64GB alhali cikinsa bai kai haka ba. H2testw zai cika shi ya karanto ya gaya maka gaskiyarsa.

Tambaya: Ina da shagon buga takardu. Ayyukan kwastomomi suna D, Windows tana C, kuma batirin ya mutu, da an ɗauke wuta take mutuwa. Zan iya wanke C kaɗai? *Mai shago, Sabon Gari*

Amsa: Za ka iya, Malam. A allon ɓangarori ka goge System, MSR, Recovery da ɓangaren C, ka bar na D. Matsalar ita ce a wannan allon babu harafin C ko D, sai lamba da girma. Don haka tun kafin ka fara ka sauya wa D suna zuwa AIKI, ka rubuta girmansa a takarda. Duba ko akwai hoton kwaɗo a kan D. In akwai, BitLocker ne, ka kashe shi ya gama buɗewa tukuna, ko ka nemo lambarsa mai alƙaluma 48 a asusunka na Microsoft, in ba haka ba sabuwar Windows za ta ga D amma ba za ta buɗe shi ba. Kwafi foldar Fonts da ke cikin foldar Windows, domin katin biki da aka tsara a CorelDRAW in ya rasa salon rubutunsa sai ya wargaje. Direban firinta ma ka tanada.

Wuta kuwa, in ta ɗauke ana cikin ɗora Windows, sake farawa kawai za ka yi. In ta ɗauke ana sabunta BIOS, kana iya rasa allon uwa gaba ɗaya. Yi aikin a kan inbata ko janareta mai isasshen mai, BIOS kuma kada ka taɓa shi sai ka sa sabon batir.

Tambaya: An yi wa laftof ɗina fomat sau biyu amma har yanzu tana jan ƙafa, fankarta kuma ƙara kamar injin markaɗe. *Hajiya, Hotoro*

Amsa: Hajiya, ciwon ba a manhaja yake ba. Ki buɗe Task Manager, Performance, ki dubi Disk. In an rubuta HDD, wato tsohon faifai mai juyawa, kuma yana maƙale a 100%, faifan ne ke riƙe ki. A sa miki SSD mai 256GB ko 512GB, a mayar da tsohon cikin 'yar kwalinsa ta USB ya zama wurin ajiya. In RAM 4GB ce a ƙara ta kai 8GB, matuƙar na'urar tana da gurbi. Ƙarar fanka kuma ƙurar hunturu ce ta toshe ragar da iska ke fita, furosesa ta yi zafi sai ta rage gudu don kare kanta. A buɗe a share fankar da buroshi, a goge tsohon man furosesa da ya bushe a shafa sabo, ɗigo ɗaya kamar ƙwayar wake. Ki kuma daina ɗora ta a kan katifa ko kafet, nan ne ƙofar iskarta take, a ƙasa.